Lauyan haraji a Sakkwato: ta wace ƙofa ake shiga?

Wata ɗaliba da ke ajin ƙarshe a tsangayar shari'a ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ce ta aiko mini da wannan tambaya. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Baba Barista, bana na ɗauki darasin dokar haraji, kuma ya kwanta mini a rai. Amma 'yan ajinmu suna ta yi mini dariya, wai wannan fanni na mutanen Legas da Abuja ne, a Sakkwato ko kuɗin man mashin ba zan samu ba. Kai ka yi aikin gwamnati, ka buɗe ofishinka, yanzu kuma kana koyarwa. Wanne ya fi a cikin ukun? Sannan gaskiya ni da lissafi ba ma ga maciji."

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Bari in fara da maganar lissafin, don ita ce mai sauƙi. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a 2026, naira 800,000 na farko a cikin kuɗin da mutum ya samu a shekara ba a taɓa su. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari. To mutumin da, bayan an cire duk rangwamen da doka ta ba shi, ya rage da miliyan 2, nawa zai biya? Ki cire 800,000, saura miliyan 1.2, kashi 15 nasu naira 180,000 ke nan. Idan kin iya bin wannan, kin iya lissafin da aikinmu yake buƙata. Rigimar da ake kai wa lauya ba a kan jimillar take ba. A kan abin da ya zo kafin jimillar take: wannan kuɗin da ya shigo riba ce, ko bashi, ko ajiyar wani? Wa ke da hurumin karɓa, jiha ko tarayya? An ba mutumin takardar sanarwa kamar yadda doka ta ce? Abin da ba zan ɗauke miki ba shi ne koyon karanta bayanan kuɗi na kamfani. Wannan dole ne. Ki nemi akanta mai haƙuri ki zauna kusa da shi wata biyu ko uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma har ki yi ritaya ba za ki rabu da akantoci ba.

Game da wanne ya fi, ni ban ɗauki ukun nan kamar kishiyoyi da za ki zaɓi ɗaya ki saki biyu ba. Abin da ya fi damuna shi ne wanne za ki fara da shi. Shawarata ita ce ki fara da gwamnati, ki yi shekarun da za su ishe ki ki san cikin gidan, ki fito kafin gidan ya canza miki hali, sannan aji ya zo daga baya, lokacin da kike da abin da za ki faɗa wanda babu shi a cikin littafi. Ba ni kaɗai na zagaya ɗakunan nan ba. Ade Ipaye ya koyar da shari'a a Jami'ar Legas, ya zama mai ba gwamnan Legas shawara kan haraji, daga 2011 zuwa 2015 kuma ya riƙe kwamishinan shari'a na jihar. Shi ta aji ya shiga. Amma Legas gari ne da ko ɗan jami'a zai iya tsallaka titi ya ga manyan fayil-fayil na haraji a ofishin lauyoyi. A nan Sakkwato wurin da fayil ɗin suke a tare, jibgi guda, shi ne hannun hukuma.

Na shiga sashen shari'a na wata hukumar tara haraji bayan na dawo daga makarantar horas da lauyoyi na gama bautar ƙasa. A makon farko aka ajiye mini fayil sama da talatin a kan tebur, wasu gara ta fara cin gefensu. Ba wanda ya ce mini ga abin da zan yi da su. Sai na karanta. Daga nan na fara gane yadda ake ƙirƙirar lambar da ke firgita mutane. Idan mutum bai kawo bayanin kuɗinsa ba, doka ta ba jami'i dama ya yi ƙiyasi da iyakar fahimtarsa. A aikace, ƙiyasin nan yakan zama jami'i ya leƙa shago, ya dubi yawan kaya, ya tuna irin motar da mai shagon yake hawa, ya rubuta lamba mai kauri don ya tilasta masa zuwa ofis. Ba mugunta ba ce kullum, sau da yawa kiran hankali ne. Amma wanda bai taɓa zama a ciki ba, idan ya ga takardar, zai zaci an yi wani dogon bincike. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk nasarar da na samu bayan na fito waje, tushenta sanin nan ne: na san wace lamba ce aka gina a kan hujja, wacce kuma aka gina a kan zato.

A gwamnati ne kuma za ki koyi rabon hurumi, wanda shi ne ƙashin bayan fannin. Mutum ɗaya, ko mai kasuwanci da ya yi rajistar suna kawai, harajin kuɗin shigarsa na jihar da yake zaune ne. Kamfani mai cin gashin kansa kuwa na tarayya ne, hannun hukumar da muka saba kira FIRS, wadda yanzu ta koma NRS. Amma harajin albashin ma'aikatan wannan kamfanin, wanda ake cirewa wata-wata, jiha ce ke karɓa. Sojoji da 'yan sanda nasu na tarayya ne ko da a Sakkwato suke aiki. Ƙaramar hukuma tana da kuɗin rumfar kasuwa, da na mayanka, da makamantansu. Kwastan a Illela, bakin iyakarmu da Nijar, wata duniya ce daban mai dokarta. Ɗan kasuwa ɗaya a tsohuwar kasuwa yana iya samun mutum huɗu a ƙofar shagonsa a wata guda, kowa da rasit ɗinsa, shi kuma duk "'yan haraji" yake kiransu. Rabin aikin lauya shi ne ya rarrabe masa wa ke da gaskiya a cikinsu.

Sai dai gidan gwamnati yana da nasa zafin. Ana ba hukuma adadin da ake so ta tara, kuma ƙarshen wata ba ya jiran kowa. Akwai ranar da aka kawo mini takarda in sa hannu a je a garƙame wata makaranta mai zaman kanta, ana tsakiyar jarrabawa, saboda ba ta miƙa harajin malamanta ba. Bashin gaskiya ne, ba na musu. Amma ba a samo umarnin kotu ba, wanda doka ta gindaya kafin a kai ga haka. Na rubuta hakan a cikin fayil, layi shida, na sa kwanan wata. Maigidana ya kira ni ya ce, "Barista, mu kuɗi muke nema, ba Turanci ba." Aka je aka sa kwaɗo. Mai makarantar ya kai ƙara, ya yi nasara, kuma kuɗin da aka kashe a shari'ar ya kusa kai bashin da ake bi. Da aka fara neman wanda za a ɗora wa laifi, layi shidan nan ne suka tsaya mini. Ki riƙe wannan tun yanzu: shawarar lauyan gwamnati da ba a rubuta a fayil ba, kamar ba a ba da ita ba ce.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka ne. Za ki tsaya a kotu ki kare hukuma, wani lokaci a kan abin da ke da kanki kin so a ce an yi shi ta wata hanya. Za ki rantse ba za ki fitar da sirrin dukiyar mutane ba, kuma a gari kamar namu, inda mai fayil ɗin zai iya zama surukin ƙanin babanki, wannan rantsuwa tana da nauyi. Kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da wata sana'a ta kansa in ban da noma, saboda haka babu maganar ki riƙa karɓar ƙananan shari'o'i a gefe. Albashi ne, ba yawa, amma yana zuwa.

Me ya fitar da ni? Ba faɗa na yi da kowa ba. Wata rana wata dattijuwa mai sayar da atamfofi ta zo tana bayanin cewa shagon ya mutu tun bayan rasuwar mijinta. Tana magana, ni kuma a zuciyata ina cewa ƙarya take yi, ban ma buɗe takardunta ba. Da na buɗe sai na ga gaskiya ta faɗa. A daren ban yi barcin kirki ba. Na gane shekara tara ina kallon mutane ta taga ɗaya, har na fara ganin kowa ɓarawo ne sai ya wanke kansa. Ban cika shekara ba bayan wannan na ajiye aikin.

Ba ki tambaye ni ba, amma na san a gida za a tambaye ki: ɗiyar malamai da aikin haraji? Ki san cewa ƙyamar nan tana da tarihi, ba jahilci ba ne. Shehu Usmanu da kansa, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari a cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da ɗora wa talakawa. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, a 1906 suka tsara dokar haraji ta ƙasar Arewa, suka bar karɓa a hannun hakimai da dagatai. Kakanninmu sun ba mu labarin magidancin da ke barin gari idan lokacin haraji ya zo, da wanda ake shanyawa a rana a ƙofar fada. Shi ya sa da gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979 talaka ya yi ta murna. Wanda ya shigo ofishinki da takarda a hannu, da wannan tarihin yake shigowa. Zai ce miki ya fitar da zakka, me kuma ake nema? Ba za ki yi masa gardamar addini ba, wannan fagen malamai ne. Za ki gaya masa cewa a dokar ƙasa fitar da zakka ba ya sauke haraji, cewa sashe na 24 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa bayyana kuɗin shigarsa da gaskiya da biyan haraji a kan lokaci. Sannan ki gaya masa ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika faɗa masa ba: babu mai ikon karɓar ko kwabo daga hannunsa sai da dokar da ta ambaci wannan kuɗin ƙarara. Ni a wurina tsare wannan iyakar aikin lada ne, ko ta wane gefen tebur mutum yake zaune.

Yanzu maganar ofishin kai, inda 'yan ajinku suka ce yunwa za ta kashe ki. Suna da rabin gaskiya. Manyan shari'o'in haraji, na kamfanonin mai da na sadarwa da bankuna, a Legas da Abuja ake yinsu, don can hedkwatocinsu suke. Idan burinki shi ne ki tsaya a kan shari'ar biliyoyi, ki haɗa kayanki. Shekaruna biyu na farko da haraji kaɗai ba zan iya biyan hayar ofis ba. Rajistar kamfanoni, takardun filaye, yarjejeniyar haya da rabon gado su suka riƙe ni. Har yau ma ban san lauya a garin nan da zai ce ba ya taɓa komai sai haraji ba, ni ma ban kai nan ba.

Inda suka yi kuskure shi ne zaton babu aikin. Akwai makarantu da asibitoci masu zaman kansu, gidajen mai, masu injin casar shinkafa, masu ruwan leda, manyan shagunan magani, ƙungiyoyin agaji masu ma'aikata da yawa, da 'yan kwangila waɗanda ba za su ko shiga takara ba sai da takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku. Kowannensu yana da ranakun da ke bin sa: harajin albashi kafin 10 ga watan da ke biye, VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kaya da ayyukan da aka sayar, kafin 21, bayanin shekara na kamfani cikin wata shida bayan rufe littafinsa. Tun da FIRS ta koma karɓar bayanai ta intanet a 2021, kuma asusun banki ya zama abin da hukuma ke iya dubawa, mutanen da a da ba wanda ya san da su sun fara samun takardu. Ɗan kwangila kuma ana cire masa wani kaso tun kafin a biya shi, amma da yawa ba su san wannan kason ajiya ce da za a rage musu daga harajin ƙarshen shekara ba, sai su biya sau biyu.

Bari in ba ki labarin aikin da na fi tunawa. Wani Alhaji dillalin albasa ya shigo ofishina ana zafin watan Afrilu, ya zaro takarda a ninke daga aljihun riga, duk gumi ya jiƙa ta. Ya ce, "Barista, wagga takarda mi taka nufi? Ni dai ban san mi niy yi musu ba." Na duba kwanan watan da aka ba shi, na ƙirga: kwana ashirin da shida. Tana aljihun motarsa duk tsawon lokacin. Doka ta ba mutum kwana 30 ya rubuta ƙin amincewarsa, idan suka wuce ana ɗaukar kuɗin a matsayin tabbatacce. Saura mana kwana huɗu.

Lambar da aka rubuta masa ta fi ƙarfin gidansa da motarsa a haɗe. An duba asusunsa na banki ne aka ga kuɗi masu yawa suna shiga, aka ɗauka duk nasa ne. Alhali shi aikinsa ya tara albasar manoma daga wajen Gada da Wurno da Goronyo, ya loda tirela zuwa Kudu, masu saye su turo kuɗi ta asusunsa, ya raba wa manoma, ya biya direba da 'yan dako, abin da ke zama nasa la'ada ce a kan kowane buhu. Na ce masa ina shaida? Ya ce ai kowa ya sani. Na ce hukuma ba ta san "kowa" ba. Ya yi shiru, can sai ya ce ƙanensa yana rubuta wani abu. Da la'asar aka kawo mini littattafan 'yan makaranta guda bakwai a cikin leda, an rubuce su kaf da ajami: sunan manomi, ƙauyensa, buhu nawa, nawa aka ba shi, ranar da mota ta tashi. Ban taɓa ganin lissafi mai tsabta haka ba, ko a kamfanonin da ke da akanta. Ajamina ba ya sauri, sai na ɗauko wani magatakardana da ya yi karatun allo sosai. Dare uku yana karantawa, akanta yana shigarwa a kwamfuta, ni ina haɗa kowane shafi da ranar da kuɗi suka fita daga banki. A rana ta ashirin da tara muka kai takardar ƙin amincewa, da dalilanmu, da adadin da muka yarda ana bin sa, don ba a cewa "ban yarda ba" kawai a tsaya. Na tabbatar an buga mana hatimin karɓa a kan kwafinmu. Aka zauna sau biyu, aka sauke kuɗin zuwa abin da ya biya ba tare da ya sayar da ko akuya ba. Ba mu taka ƙofar kotu ba.

Wata biyu bayan haka ya turo mini wani abokinsa mai irin wannan matsala. Shi takardarsa ta yi wata uku a ƙarƙashin katifa, kuma babu ƙane mai littafi. Abin da na iya yi masa bai wuce roƙon a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mafi yawan aikin haka yake: wasiƙa, zama, lissafi, wata wasiƙar. Idan abu ya ƙi sasantuwa sai a tafi kotun sauraron ƙararrakin haraji, wadda dokar 2007 ta kafa, kuma mazauninta na shiyyar Arewa maso Yamma yana Kaduna, tafiyar yini guda daga nan. Daga can ana ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Tarayya a kan abin da ya shafi fassarar doka. Kafin ki ja ɗan kasuwa zuwa Kaduna ki lissafa masa kuɗin mota da masauki da naki, ki gwada da abin da ake jayayya a kai. Sau da yawa gaskiyar da za ki gaya masa ita ce ya biya ya huta.

Abu biyu za su gwada ki a ofishin kai. Na farko, wanda zai ce, "Barista, ke da kika san su, ki je ku sasanta." Kin san abin da yake nufi. Sanin mutanen ciki yana da amfani, yana sa a saurare ki, amma ranar da kika ɗauki ambulan daga wannan hannu zuwa wancan kin tashi daga lauya kin zama 'yar aike, kuma garin nan ƙarami ne. Akwai bambanci tsakanin tsara wa mutum harkarsa yadda zai ci duk rangwamen da doka ta ba shi, da taya shi ɓoye abin da ya samu. Na farkon shi ake biyanki ki yi, na biyun laifi ne da zai iya cin lasisinki. Abu na biyu, ƙa'idar aikin lauya ta hana ki karɓar shari'ar da kika taɓa ba da shawara a kanta lokacin da kike gwamnati. Na mayar da mutane uku a shekarata ta farko saboda wannan, a lokacin da nake matuƙar buƙatar kuɗinsu.

Kasancewarki mace ba cikas ba ne, a nan ma wata dama ce. Matan aure da yawa a unguwannin Mabera da Arkilla da Runjin Sambo suna juya kuɗi masu kauri daga cikin ɗaki, da waya kawai, kayan Dubai da na kicin da turare, kuma duk ta banki. Ranar da takarda ta same su, sun fi sakewa su buɗe wa mace 'yar'uwarsu littafinsu. Kuma matar da ta shugabanci FIRS daga 2004 zuwa 2012, Ifueko Omoigui-Okauru, a zamaninta ne hukumar ta samu 'yancin gashin kanta. Ki kuma nemi shiga cibiyar ƙwararrun haraji ta ƙasa, CITN, wadda doka ta amince da ita tun 1992. Rigar lauya ta ishe ki tsayawa a kotu, amma a teburin hukuma wannan shaidar tana ƙara wa maganarki nauyi.

Koyarwa kuwa, ita ce na fi so a yanzu, ita ce kuma ba zan ce ki fara da ita ba. Sai kin yi digiri na biyu kafin a ɗauke ki da muhimmanci, ba za ki yi nisa ba kuma sai da na uku da rubuce-rubuce a mujallun ilimi. Albashin kin san shi, kin kuma ga yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 da idonki. An sassauta wa malaman shari'a tun 1992 su riƙa taɓa aikin lauya a gefe, kodayake har yau akwai masu jayayya a kan yadda wannan ya dace da kundin tsarin mulki. Amma ba wannan ne dalilina ba. Dalilina shi ne dokar haraji ba ta zama wuri ɗaya. VAT ya fara aiki a 1994 da kashi 5, ya koma 7.5 a watan Fabrairun 2020. A 2021 Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ce jihar Ribas ce ke da hurumin karɓarsa a cikin jiharta, ƙasa ta ɗauki zafi. A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu da kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele ya share wa fage, daga 1 ga Janairu 2026 kuma tsofaffin dokokin harajin kamfanoni da na mutum ɗaya da na VAT da na hatimi suka narke a cikin doka guda. Takardun darasin da na yi shekaru ina gyarawa, rabinsu sun zama tarihi a dare ɗaya. Malamin da bai taɓa riƙe fayil ba, idan irin wannan ta faru, ba shi da abin kamawa sai lambar sashe, lambar kuma ta canza. Wanda ya yi aikin ya san tambayoyin ba su canza ba: wa ake bi, nawa, wa ke bi, yaushe ƙofar ƙorafi za ta rufe.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake son 'ya'yanmu su shiga ajin nan, ba don aljihunsu kaɗai ba. A watan Oktoban 2024 gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna sun ƙi amincewa da tsarin rabon VAT da aka kawo a ƙudirin farko na sabbin dokokin nan. Aka yi ta muhawara a rediyo da Facebook, kowa yana kumfar baki. Na saurara da kyau, kuma a ganina waɗanda suka karanta sashen da ake faɗa a kansa ba su kai yawan masu magana ba. A ƙarshe rabon ya tsaya a kashi 10 na tarayya, 55 na jihohi, 35 na ƙananan hukumomi, a maimakon 15 da 50 da 35 na da. Jiha kamar tamu, da mafi yawan abin da take kashewa daga asusun tarayya yake zuwa, kalma ɗaya a irin wannan sashe tana iya zama albashin malaman firamare na wata da watanni. Ba ma rasa masu kishi. Masu iya zama da ƙudiri mai shafi ɗaruruwa su ce "wannan layin ne zai cuce mu, ga yadda za a gyara shi" su ne muke da ƙarancinsu, kuma darasin haraji a jami'o'inmu na zaɓi ne, ɗalibai suna gudunsa kamar yadda 'yan ajinku suke yi.

A ajina, makon farko ba na buɗe doka. Nakan ce kowa ya kawo takardar albashin wani na gida, a goge sunan, mu lissafa ko abin da ake cire masa daidai ne. Bara wani yaro ya dawo yana rawar jiki, wai ya gano an shekara biyu ana cire wa mahaifiyarsa fiye da kima. Tun daga ranar bai ƙara zama a layin baya ba.

Ke ma abin da zan ba ki ke nan kafin ki tafi makarantar horas da lauyoyi, ko Bwari aka tura ki ko Bagauda. Ki karɓi takardar albashin babanki ko ta wata gwaggonki ta watan jiya. Ki nemo sabuwar dokar, ki duba jadawalin kason da ake cirewa, kada ki manta da rangwamen haya, kashi 20 na kuɗin hayar shekara amma ba ya wuce naira 500,000. Ki lissafa da hannunki, ba da waya ba. Idan lokacin bautar ƙasa ya zo, ki roƙi a tura ki hukumar haraji ko ma'aikatar shari'a ta duk jihar da kika faɗa, ko da ba za su ba ki ko sisi a kan alawus ba, ki ce a ba ki tsofaffin fayil ɗin da ba wanda yake son taɓawa. Lissafin albashin kuma, idan kin gama, ki kawo mini ofis ranar Alhamis bayan azahar in duba. Ki zo da jan biro.